Kafin tifa ta juye: yadda za ka gane yashi da tsakuwar da za su riƙe maka gini

Akwai abin da yake ba ni mamaki a wajen gini nan Jos, mutum zai tsaya ya ɓata awa guda kan siminti, na wane kamfani ne, buhun ya cika ko an tsakure shi, ya kwana a sito ko sabo ne, amma tifa na shigowa da yashi sai ka ji ya ce wa direba "juye can" ko leƙa bayan motar bai yi ba. Alhali a cikin kwankare siminti shi ne ɗan auta, wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ka zuba yashi ne da dutse. Cikon da ke ƙarƙashin daɓen ɗakinka kuwa ko ƙyas ɗin siminti babu a ciki, ƙwayoyin ƙasa da yashi ne kawai suke tokare da juna suna ɗauke da kai da gadonka da firjinka.

Na shekara da shekaru ina duba aiki tsakanin Bukuru da Rayfield da cikin gari, kuma abin da zan rubuta nan ba ya buƙatar na'ura. Kwalba, rariya, mudu da tafin hannu sun isa.

Fara da mudu a kicin

Kafin ka je saiti, wato wajen gini, gwada wannan a gida don idonka ya gani. Cika mudu da masara har baki ka shafe. Ya cika ko? To ɗebo acca ka riƙa zubawa a hankali kana ɗan bubbuga gefen mudun, za ka ga acca tana ɓacewa, tana silalewa cikin ramukan da ke tsakanin masarar, ka zuba mai yawa mudun bai tashi ba. Yanzu cusa yatsa. Lokacin da masara ce kaɗai yatsanka na shiga har gindi, yanzu da ƙyar zai nutse, don kowace ƙwaya ta samu maƙwabta sun riƙe ta ta ko'ina, babu wurin da za ta matsa.

Haka yashi da tsakuwa suke. Idan ƙwayoyin duk girmansu ɗaya ne, ko manya ne ko ƙanana, wajen kashi 40 cikin 100 na tulin iska ce zalla. Mutane na ɗauka yashi mai laushi ya fi cika wuri don ba a ganin ramukansa, a'a, ramukan suna nan, ƙanana ne kawai. Abin da ke cike rami shi ne gauraye, manya su yi ƙashi, matsakaita su shiga tsakaninsu, ƙanana su toshe abin da ya rage. Wani injiniyan Amurka mai suna Fuller tun 1907 ya fitar da lissafin irin wannan gaurayen, har yau da shi ake auna kayan titi da na kwankare.

Masu ilimin ƙasa sun yanka iyaka kamar haka: abin da bai kai milimita 0.002 ba yumɓu ne, daga nan zuwa 0.06 turɓaya ce, daga 0.06 zuwa milimita 2 yashi, sama da 2 zuwa wajen 60 tsakuwa. A wajen kwaɓa kwankare kuma rariya mai ido kusan milimita 5 ita ke raba yashi da dutse. Ba sai ka haddace ba. Ka dai riƙe cewa idan idonka na iya ganin ƙwaya ɗaya ɗaya yashi ne, idan sai dai ka ji santsi kamar fulawa ka shiga turɓaya.

Gwajin tafin hannu, tun motar ba ta ɗaga ba

Hau bayan tifar. Kar ka ɗebi na sama, direbobi sun san aikinsu, wani lokaci shebur ashirin na yashi mai kyau ake yafawa a kai kamar man shanu a kan tuwo. Tona da hannu kamar kamu biyu, a wuri uku daban daban. Murza a tafinka. Yashin kwankare da na bulo ya kamata ya yi maka kaushi har ka ji ƙarar ƙus ƙus, kuma in ka kakkaɓe hannun ya fita kusan fes. Idan ya bar maka ja ko ruwan ƙasa kamar ka shafa hoda, akwai laka. Idan ka jimƙe shi da danshi ya dunƙule ya ƙi wargajewa ko da ka ɗan taɓa, yumɓu ya yi yawa.

Direba zai ce maka "Oga wallahi yau da safe aka ɗebo shi daga kogi", kai dai ka ce masa "Malam ban ƙaryata ka ba, bari dai kwalba ta yi magana".

Gwajin kwalba

Nemi kwalba ko robar ruwa mai gefe a miƙe wadda ake ganin ciki. Zuba yashi ya kai santimita 10, ƙara ruwa ya haye shi sosai, sa ƙaramin cokali na gishiri don laka ta yi saurin kwanciya, girgiza da ƙarfi kamar minti guda sannan ka ajiye a inuwa awa 3. Manyan ƙwayoyi za su sauka nan take, matsakaita su biyo, laka ita ce ta ƙarshe, za ta kwanta a sama da layinta daban mai santsi. Sa rula. A kan yashi santimita 10, idan lakar ta wuce milimita 6 zuwa 8, wannan ba na fila (ginshiƙin kwankare) ba ne ba kuma na dakin (rufin kwankare na bene) ba, ko a wanke shi ko a mayar.

Dalilin da ya sa nake tsananta wa laka shi ne lissafi mai sauƙi. Siminti aikinsa ya shafe jikin kowace ƙwaya ya manna ta da ta kusa. Idan ka raba girman ƙwaya gida biyu, a kilo ɗaya ɗin nan, faɗin jikin da za a shafe ya ninka biyu. Idan ka rage girman sau goma ya ninka goma. To buhu ɗaya da zai wadaci yashi mai kaushi, in ka haɗa shi da mai laushi ya zama kamar miyar gidan biki, an tsinkata don ta kai ga kowa. Sannan kwaɓin zai yi tauri ya ƙi juyuwa, lebura ya ƙara ruwa, ruwan nan da ya wuce ƙa'ida in ya bushe ramuka yake bari. Ga lakar kanta tana lulluɓe dutse ta hana siminti kama shi. Shi ya sa za ka ga bulo mai kyan fuska sumul kamar an goge, amma ka sa farce a kusurwa ya fara zubar da gari. Ni na fi son bulo mai muni mai kaushin fuska, filasta ma ta fi kama shi.

Yashin filasta daban ne, shi ana son mai ɗan laushi don fuska ta yi kyau, amma shi ma in ya cika laushi bango zai yi tsage tsage kamar ƙasan kududdufi da rani.

Kumburin yashi

Wannan mutane da yawa ba su sani ba. Yashi mai ɗan danshi yana kumbura, ruwan da ke jikin ƙwayoyin yana riƙe su nesa da juna, kuma kumburin na iya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, mai laushi ya fi mai kaushi kumbura. Busasshe ƙayau da wanda ya jiƙe sharkaf kusan awonsu ɗaya, na tsakiyar ne mai yaudara. Ma'ana da damina idan ka ce kwano 2 na yashi, ƙila kwano ɗaya da rabi da 'yan kai ka zuba. Gwada da kanka, cika gwangwani da yashi mai danshi ka yi alama, zuba ruwa ya shanye shi ka motsa da tsinke, ka ga inda zai sauka. Abin da ya ragu shi za ka riƙa ƙarawa a awo. Kuma shi ya sa tifar da ta zo maka a tsaye da tozo, bayan ruwan sama biyu sai ka ga tulin ya kwanta ka fara zargin maigadi.

Dutse: babba ba shi ne ƙarfi ba

Akwai tunanin nan cewa in dutse ya fi girma kwankare ya fi ƙarfi. Baba wani tsohon birkila da na fara aiki a ƙarƙashinsa yakan ce "ɗana, dutsen da bai wuce tsakanin rodi ba ai ba naka ba ne", kuma littafi ma abin da ya ce kenan. Ƙa'idar ita ce dutse mafi girma kar ya wuce kashi uku cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin rodi da rodi, kar ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin katakon da za a zuba a ciki, kuma a dakin kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Shi ya sa mai inci uku bisa huɗu, wato wajen milimita 20, shi ne na yau da kullum a fila da bim (kwankaren da ke kwance kan fila) da dakin, mai rabin inci kuma na wurin da rodi ya cunkushe ko linta siririya ta saman ƙofa da taga. In ka saɓa, dutse zai maƙale a kan rodi ya tare hanya, ka cire katako ka ga ramuka kamar saƙar zuma, sai a zo a shafe da siminti a rufe maka ido.

Wani abin kuma, idan dutse iri ɗaya ne, babbar ƙwaya ta fi ƙaramar saurin fashewa in an auna da girmanta, don babba ya fi yiwuwa yana ɗauke da tsaga a ciki da ido ba ya gani. Kuma nauyi ba ya rabuwa daidai a cikin tuli. Masu bincike da suka danna ƙwayoyin roba mai haske sun ga nauyin yana bin wasu 'yan layuka ne kamar jijiyoyin bishiya, wasu ƙwayoyin na shan wahala wasu na zaune a banza a gefe. Idan duwatsun manya ne zalla kowanne ya taɓa maƙwabcinsa a wuri kaɗan, nauyin duk ya taru a tsini, tsinin ya murƙushe, tulin ya zauna. Idan akwai ƙanana sun kewaye shi, nauyin ya rabu ta wurare da yawa. Wannan ne ya sa in an jera manyan duwatsu a ƙarƙashin daɓe dole a bi su da ƙanana da garin dutse a toshe, ba a bar su haka da ramuka ba.

Siffa ma tana da nata. Dutsen da inji ya fasa a kwari, wato wurin fasa dutse, yana da kusurwa, yana cije juna, tsakuwar kogi kuwa mulmulalliya ce tana son gangarawa. Ka duba tulinsu, busasshen yashi yana tsayawa wajen digiri 30 zuwa 35, fasasshen dutse ya fi haka tsayuwa. Wannan gangaren tulin shi ne yake gaya maka ƙarfin cizon da ke tsakanin ƙwayoyin, kuma tun 1773 wani injiniyan sojan Faransa, Coulomb, ya rubuta lissafinsa saboda ganuwar da ke tare ƙasa. In za ka ɗiba daga tuli kuma ka lura, manya suna gangarowa gindi ƙanana su tsaya a sama da tsakiya, kamar yadda tsaki ke rabuwa da gari in mace na bakace a faifai. Lebura in ka ƙyale shi daga gindi zai yi ta kwasa don ya fi sauƙi. Sa shi ya riƙa haɗawa sama da ƙasa.

Ciko, inda na taɓa ƙonewa

Wani gida ne ta ɓangaren Bukuru, filin yana da gangare, ɗaki ɗaya cikonsa ya kusa mita guda. Jar ƙasa ta yanke, mai gidan na sauri don iyali za su tare kafin azumi, akwai ragowar yashi mai laushi tuli guda a gefe, aka ce a zuba. Ni ma na yi shiru, laifina ne. Aka juye shi gaba ɗaya lokaci guda, aka watsa ruwa a sama, yara biyu suka bi da madaɓi, sama ta yi tauri kamar gaske. Aka zuba daɓe aka sa tayil. Damina ta farko lafiya. A ta biyu mai gidan ya kira ni, na je na tarar tayil ɗin tsakiyar ɗaki ya tsage a layi, in ka buga da dunduniya yana amsawa kamar ganga. Da muka fasa, hannuna har wuyan hannu ya shige tsakanin kwankare da yashin. Madaɓin hannu santimita kaɗan na sama kawai yake dannawa, na ƙasa yana nan a sake, ruwa na shiga ƙwayoyin suka gyara zama suka sauka.

Yadda ake yi daidai: zuba santimita 15, yayyafa ruwa, daɓe har sawun takalmi ya daina fita, sannan ka ƙara wani 15. In da injin daɓe mai girgiza ya fi, musamman ga yashi da tsakuwa, don su girgiza ce ke zaunar da su. Ruwan ma da awo, jimƙi ƙasar, in ta dunƙule kuma ka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida biyu ko uku, daidai ne. In ta watse kamar gari ta bushe da yawa, in ta manne a yatsu ko ta lotse ba ta fashe ba ruwa ya yi yawa. Wani injiniya Proctor a 1933 shi ya nuna cewa kowace ƙasa tana da danshin da ta fi dannuwa a kansa, gwajin da ake yi wa ƙasar titi har yau sunansa yake ɗauke da shi. Burji mai kyau ya fi yashi zalla a ciko don shi Allah Ya riga Ya gauraya shi, tsakuwa da yashi da ɗan yumɓu mai riƙewa.

Ruwa ne yake raba gardama

Saurin wucewar ruwa a cikin yashi yana bin ƙananan ƙwayoyin ne, ba manyan ba, kuma ba kaɗan yake canzawa ba. Wani injiniyan Amurka mai suna Hazen ya nuna a 1892 cewa in girman ƙananan ya ragu sau biyu, wucewar ruwa na raguwa kusan sau huɗu, in sau goma ne kusan sau ɗari. Don haka bayan bangon da ke tare ƙasa, da kewayen sokawe, wato ramin da ruwan banɗaki ke tsanewa a ciki, tsakuwa wankakkiya ake so, a bar ƙofofin ruwa a jikin bangon. Yawancin katangun da ke kifewa a watan Agusta a unguwannin kan tudu ba bulo ne ya gaza ba, ruwa ne ya taru a baya ya rasa hanya. Sai dai kar ka jingina manyan tsakuwa kai tsaye da ƙasa mai laushi, ruwa zai riƙa jan ƙasar cikin ramukan har a samu kogo, sa yashi mai kaushi a tsakani ya zama matata.

A ɗaya gefen kuma ƙasa mai laushi tana tsotso ruwa sama kamar lagwani. A tsakuwa da ƙyar ya hau, a yashi mai laushi ya hau kamu da yawa, a turɓaya ya wuce mita. Wannan danshin da kake gani a gindin bango fenti na ɓarewa, sau da yawa daga nan yake. Shimfiɗar tsakuwa da leda mai kauri kafin daɓe su ke yanke masa hanya.

In ka taɓa taka jiƙaƙƙen yashi mai tauri a bakin rafi ka ga kewayen ƙafarka ya yi fari kamar ya bushe, abin da ke faruwa shi ne yashin da ya dannu sosai ba zai iya motsi ba sai ƙwayoyin sun hau kan juna, ramuka su buɗe su shanye ruwan. Wani masani mai suna Reynolds ya bayyana wannan a 1885 a Ingila. Shi ne sirrin ƙarfin ƙasar da aka daɓe, kafin ta zame dole ta kumbura ta ɗaga duk abin da ke kanta. Amma in ta kai maƙura ba ta yin gargaɗi sosai, tana yankewa ne a siririn layi guda da kaurinsa bai wuce ƙwaya 10 zuwa 20 ba. Wadda take a sake kuwa akasin haka take yi, tana matsewa, kuma in ramukanta cike suke da ruwa ƙwayoyin ƙanana ne ruwan bai samu fita da sauri ba, nauyin sai ya koma kan ruwan, ƙwayoyin su saki juna, ƙasa ta zama kunu. A girgizar ƙasar Niigata ta Japan a 1964 benaye sun kwanta a gefe ba tare da sun farfashe ba, ƙasar ce ta narke a ƙarƙashinsu. A Brumadinho ta Brazil a Janairun 2019 dam ɗin tarkacen ma'adinai ya narke haka ya kashe mutum 270.

Na kawo wannan ne don mu nan Filato a kan tarkacen ma'adinai muke zaune. Tun farkon shekarun 1900 ake haƙar kuza, kududdufai da tulin yashin wanki suna nan birjik daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, wasu ramukan an cike su an yanka filaye. Wannan yashin ruwa ne ya tace shi ya jera shi, sau da yawa girmansa kusan ɗaya, kuma ba wanda ya daɓe shi. In za ka sayi fili a irin wurin nan tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin da, tona ramin gwaji ka ga ko ƙasar asali ce ko zubi, in bene ne kuwa kuɗin gwajin ƙasa a hannun injiniya bai kai asarar da za ka yi in ƙasar ta zauna ba. Baƙin yashi mai nauyi da ke fitowa daga wuraren tace kuza kuma ni ba na yarda a sa shi a bulo ko filasta ko kyauta ne, yana ɗauke da ma'adanai irin su monazait masu fitar da tururin radiyeshan, ba abin da za ka kwana a cikinsa shekara talatin ba ne.

Rami

Yashi mai danshi yana iya tsayawa a miƙe kamar bango, shi ya sa masu tona fandisho da sokawe da masu ɗiban yashi suke sakin jiki. Ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ne yake jan su, kuma in ƙwayoyin ƙanana ne jan ya fi ƙarfi, sai gefen ramin ya yi kyau kamar an yanka da wuƙa. Wannan riƙon aro ne. Rana ta busar da shi ya tafi, ruwan sama ya cika ramukan ya tafi. Ƙasa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya da rabi, wanda ta rufe shi zuwa ƙirji ma numfashi gagararsa yake. Duk ramin da ya wuce mita 1.2 a yashi ko zubi, ko dai a kwantar da gefensa ya yi gangare ko a tokare da katako. Ƙasar da aka fitar a ja ta baya aƙalla mita guda daga baki, tifa kar ta matso kusa, a bar tsani a ciki, kuma kar mutum ya shiga shi kaɗai ba kowa a sama. Da safe bayan an kwana ana ruwa zagaya bakin ramin tukuna kafin kowa ya sauka, in ka ga siririyar tsaga tana bin gefen ko yashi na ɗan zubowa daga bango da kansa, a ɗauko katako a tokare kafin a ci gaba.